Ranar da Alƙali Ɗalhatu Ya Tuɓe Rawani

An yi wani sarki a Birnin Tsauni, sunansa Haliru, mai sauƙin hali da yawan kyauta, wanda in ban da abu ɗaya da ya taɓa aikatawa, da sai mu ce talakawansa ba su da abin kuka da shi. Abin kuwa shi ne, wata shekara warin baban rini daga karofin da ke jikin katangar fada ya dame shi, ga shi kuma yana sha'awar faɗaɗa lambunsa, sai fadawa suka samo shaidu biyu suka rantse cewa filin na sarauta ne tun kaka da kakanni. Mai karofin, wani marini da ake kira Barau, ya kai ƙara gaban Alƙali Ɗalhatu. Alƙali na duban shaidun nan ya san bakinsu aka haɗa, domin ko tari ɗaya ya yi sai ɗayan ya maimaita, amma da ya tuna daɗin rawaninsa sai ya ba fada gaskiya. Aka cike ramukan rini goma sha biyu, aka dasa rumman a kai, Barau ya koma yi wa wasu rini a kan lada.

Bayan shekara bakwai tsufa ya kama Alƙali, idonsa ya yi rauni, ya nemi izinin ajiye aiki. To, al'adar garin ita ce, alƙalin da zai sauka yakan tsaya a ƙofar masallaci bayan an idar da sallar Juma'a, ya tuɓe rawaninsa, ya nemi gafarar jama'a, ya faɗi abin da ke ransa, ba mai ikon tuhumarsa. Kafin ka ce me, gari ya ɗauka. Mahauta suka ce lalle zai tona maganar karofi, masaƙa suka ce mutumin da ya shekara talatin yana cin tuwon fada ba zai buɗe baki ba. Shi kuwa Alƙali abin da ke cin ransa daban ne: ba ya son ya shiga kabari da haƙƙin Barau a wuyansa.

Ranar Alhamis da hantsi Sarki ya kira shi, ya sallami fadawa, ya ce, "Malam, ba za mu hana ka al'adar magabata ba. Sai dai muna da sharaɗi biyu. Kada ka faɗi ƙarya, domin ba ma son a ce mun sa malami ya yi ƙarya a ƙofar masallaci. Kada kuma ka ambaci sunanmu ko fadarmu da aibi, domin amanar shekara talatin ba ta faɗuwa tare da rawani."

Alƙali ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na ji, kuma in Allah ya yarda zan cika duka biyun." Sarki ya yi murmushi, domin a zatonsa babu abin da ke tsakanin sharuɗɗan nan biyu sai shiru.

Alƙali ya koma gida ya zauna a zaure, ransa a jagule. Da farko ya shirya wani jawabi mai zafi a zuciyarsa, ya jera laifin Sarki da na fadawa da na shaidun zur, har ya fara jin daɗin yadda za a yabi jaruntakarsa a kasuwa, domin faɗin laifin wani yana da zaƙi ko a bakin malamai. Yana cikin maimaitawa sai ya lura cewa a duk tsawon jawabin nan babu inda sunansa ya fito. Ya tambayi kansa, wa ya saurari shaidun, wa ya yanke hukunci, wa ya buga hatimi? Kunya ta lulluɓe shi, amma a karo na farko cikin shekara bakwai ya ji nauyin ƙirjinsa ya ragu.

Ranar Juma'a masallaci ya cika ya batse, har waɗanda ba a cika ganinsu a sahu ba sun zo da wuri. Da aka idar, Alƙali ya tsaya a ƙofa, ya warware rawaninsa ya miƙa wa liman, sannan ya ce a nemo masa Barau marini. Barau ya fito daga can baya, hannuwansa sun yi shuɗi har gwiwa, yana waige-waige. Sai tsohon nan ya durƙusa a gabansa.

"Malam Barau," in ji Alƙali, "shekara bakwai da suka wuce ka kawo mini ƙara kana da gaskiya, na kuma san kana da ita. Na karɓi shaidar da na san ba ta inganta ba, ba don an ɗaure mini harshe ba, sai don tsoro da son matsayi. Ni na zalunce ka. Ba ni da ikon mayar maka da filinka, abin da na mallaka shi ne gidan da na gada, inda na yi niyyar ƙarasa kwanakina. Na ba ka shi a gaban jama'a, ka yafe mini."

Barau ya rikice ya kama hannunsa. "Haba, Allah ya gafarta Malam, don girman Allah tashi, kada ka ja mini zunubi! Ni me zan yi da gidan malamai, littattafai zan rina? Na yafe maka, duniya da lahira. Amma ni ba gida na rasa ba. Ramukan nan, shida daga ciki ubana ne ya haƙa da hannunsa."

Babu wanda ya dubi inda Sarki yake zaune, kowa ya sa wa tabarmarsa ido, kuma rashin kallon nan ya fi wa Sarki nauyi a kan zagi. Can sai ya miƙe.

"Jama'a ku shaida," in ji Sarki, "Malam ya cika sharaɗinmu, bai yi ƙarya ba, bai kuma ambace mu ba. Amma ba za mu zauna muna kallon dattijo yana rabuwa da gidan ubansa saboda lambun da mu muke shan inuwarsa ba. Barau, filin naka ne, shaidun kuwa daga ƙofarmu suka fito. Gobe za a sare itatuwan, a haƙa maka ramukanka yadda suke. Mu ma ka yafe mana."

Barau ya faɗi ya yi gaisuwa, hawaye na zuba, ya ce, "Ranka ya daɗe, na yafe. Sai dai a bar rumman ɗin nan su nuna tukuna, saura wata guda. Su ba su yi mini laifin komai ba." Jama'a suka fashe da dariya, har da Sarki.

Nan take Sarki ya cire alkyabbarsa ya yafa wa Alƙali, ya ba shi gona a bakin rafi, ya kuma yi umarni cewa duk ranar da Malam Ɗalhatu ya zo fada da maganar da ba ta da daɗin ji, kada dogari ya tsayar da shi. Alƙali ya yi godiya, ya koma gidansa kai ba rawani, ya ci tuwon rana har ya nemi ƙari.

Masu hankali na garin suka riƙe darasin: ƙasa ba ta rasa masu faɗin laifin sarki, abin da adalci ke jira shi ne wanda zai fara faɗin nasa.