Takalmi a Aljihun Ƙofa

Na rantse ba za ku yarda ba. Ni da tsokana ta raba ni da makaranta, na ɗauka babu na biyuna, sai da na ji wannan.

Akwai wani matashi, ana ce masa Gaba-Gaɗi. Yayarsa ta yi ta roƙon mijinta har ya ɗauke shi direba, yana kai mahaifiyar mijin asibiti wankin ƙoda.

Motar irin sababbin nan ce. Ka danna maɓalli a sitiyari, ta riƙe gudunta. Motar gabanka ta rage gudu, ita ma ta rage. Maigidan ya ja masa kunne kada ƙafarsa ta bar kusa da birki, don ba kullum take ganin abin da ke tsaye ba.

Gaba-Gaɗi ya samu abin wasa. Da sun hau babban titi sai ya tuɓe takalmi, ya cusa a aljihun ƙofa, ya tanƙwashe ƙafafu a kan kujera.

"Inna, yau ma aljanina ke tuƙi. Ki gaishe shi mana."

Tsohuwa sai ta riƙe ƙofa tana salati, tana roƙon ɗan nan ya sauke ƙafa. Ba ta taɓa kai ƙararsa ba, gudun jawo wa surukarta magana.

Rannan motar da suke bi ta kauce ba zato. Ashe tirela ce ta lalace a hanya. Kafin ya warware ƙafafu, sun shige ta.

Inna ta karye a ƙugu, likita ya ce da wuya ta sake takawa. Gaba-Gaɗi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Ya rantse birki ne ya ƙi. Tsohuwa ta juya fuska bango.

Maigida ya je gareji ganin motar, ya dawo asibiti riƙe da takalmin. Bai kalli direban ba, matarsa ya ajiye wa a cinya.

"Ke kika ce in yarda da shi. Tambaye shi da wace ƙafa ya taka birkin."

Ba ta tambaya ba, don ta sha jin ƙanin nata yana wasa da zancen aljaninsa. Ta jawo keken guragun da aka kawo wa Inna, ta tsayar a gaban ƙaninta.

"Sa takalminka. Daga yau kai ne mai turawa. Wannan ba shi da aljani."

Darasi: na'ura mataimakiya ce, ba direba ba, kuma wanda ya tsaya maka shi wasanka ke fara jefawa a kunya. Ku tura wa duk direban da kuka sani.