Malam Hashimu da Baƙar Tsakuwa

A zamanin da, tun ayarin raƙuma na kai gishiri ƙasashen kudu, an yi wani sarki mai suna Jatau. Tsakanin ƙasarsa da ta maƙwabcinsa akwai wata fadama da ba ta ƙafewa rani da damina. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, sai sarkin ƙetare ya aiko manzo, ya ce a sakar masa fadamar, in ba haka ba ya zo ya karɓa da tsinin mashi. Aka sauki manzon a gidan baƙi yana jiran amsa.

Tun daga ranar Sarki Jatau bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Ya hau karaga ya sauko, ya shiga gida ya fito, a kawo abinci ya taɓa ya ture. Duk wanda ya tambaya a fada amsarsa ɗaya ce, a yi yaƙi. Shi kuwa ya san ba kowa ke faɗin abin da ke ransa ba, domin Madaki Barau, shugaban mayaƙa, yana zaune yana zare ido.

Sai sarki ya yi umarni a kirawo manyan malaman gari biyu, Malam Lirwanu da Malam Hashimu, ɗaya ya kare yaƙi, ɗaya ya kare sakin fadama, don ya ji hujjar kowane ɓangare. Waziri Tukur ya sa tsakuwa fara da baƙa a ƙwarya ya rufe da mayafi, aka ce wanda ya ɗauko baƙar shi zai kare sakin fadama. A gaban idon kowa Malam Hashimu ya zura hannu, ya fito da baƙa.

Malam Hashimu dattijo ne mai sanyin magana, kuma a bakin wannan fadama aka kashe ƙanensa a wani faɗa da aka yi shekarun baya. Ya durƙusa ya roƙi a ɗauke masa wannan aiki. Sarki ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na sa ka. Ka faɗi iyakar abin da mai wannan ra'ayi zai faɗa, in ka rage ka ha'ince ni. Na yi maka alkawari ba abin da zai taɓa ka."

Da ranar ta zo, Malam Lirwanu ya yi magana a kan martaba da kaburburan kakanni, fada ta yi ta gyaɗa kai. Sannan Malam Hashimu ya miƙe. Ya ambaci rumbunan da ba su cika ba, da dawakin da suka rame, da ganuwar yamma da ta zube ba a gyara ba. Ya ambaci matan da za su shiga takaba saboda ruwan da shanu za su sha su fitsare. Ya jera hujja kan hujja har fada ta yi tsit. Da ya gama ya zauna yana share gumi, ba wanda ya ce masa sannu.

Kafin la'asar magana ta cika gari. A masallaci mutanen da ke gefensa suka matsa, suka bar masa fili a sahu. Maiɗakinsa Tasalla ta je suna a maƙwabta, mata suka tashi daga tabarmar da ta zauna. Waɗanda suka ga an ɗauko tsakuwar da idonsu su ne kan gaba wajen cewa dama haka zuciyarsa take.

Madaki ya shiga wurin sarki, Waziri na nan zaune, ya ce mutum ba ya iya yin magana irin wannan sai abin yana cikin ransa, kuma wa ya sani ko manzon ya riga ya ji labarin ganuwar yamma. Sarki ya kore maganar, amma ta bi shi. Yana zagaya soro yana tuna yadda muryar malamin ta yi rawa da ya ambaci takaba. Yau ya ce ƙarya ake masa, gobe ya ce a sa masa ido. Da gunagunin mayaƙa ya yi yawa, sai ya sa dogarai suka tsare Malam Hashimu, aka ce za a haɗa shi da manzon ya tafi wurin waɗanda yake so.

Tasalla ta zo ƙofar Waziri ta zauna, ta ce ba za ta tashi ba sai ya gaya mata laifin mijinta. Waziri ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya nufi fada.

Ya iske sarki yana kai da kawowa. Ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni na riƙe ƙwaryar nan. Da farar ta zo hannunsa, da Malam Lirwanu ne a tsare yau."

Sarki ya ce, "Tsakuwa ta ba shi ɓangare, Waziri, ba ta ba shi harshe ba."

Waziri ya ga gardama ba za ta yi ba, sai ya sauya hanya. Ya ce tunda dole a fuskanci manzon nan, kuma mutum ne mai kaifin baki, ya kamata sarki ya gwada amsarsa tukuna. A sa wani ya tsaya a matsayin manzon, ya faɗi duk abin da zai iya faɗa. Kuma ba wanda ya san girman kan mutanen ƙetare kamar Madaki. Sarki ya yarda.

Madaki ya so ya ƙi, amma umarni ne. Waziri ya gargaɗe shi cewa in ya sassauta, sarki zai ji kunya gaban manzon gaske. Sannan ya sa aka buɗe ƙofofin zaure, ya fita da kansa ya shaida wa mayaƙa da talakawan da ke ƙofar fada cewa gwaji ne kawai, sarki ne ya sa.

Madaki ya fara a darare. Amma mutum ne da ba ya son a kayar da shi, ko a wasa. Da sarki ya mayar masa da magana sai ya zafafa. Ya ce dawakinku ƙashi ne da fata, ya ce rabin mayaƙanku manoma ne da za su gudu in sun ji kugen yaƙi, ya ce sarkin da ba ya iya gyara ganuwarsa da wane ƙarfi zai riƙe fadama. Sarki ya miƙe tsaye, hannunsa a kan takobi, sai da Waziri ya yi gyaran murya ya tuna inda yake.

Da Madaki ya fito, mayaƙansa suka sunkuyar da kai, ba wanda ya riƙe masa linzami. Washegari mahauta na cewa ashe Madaki ma an saye shi. Ya komo fada a gigice, rawaninsa a warware, yana rantsuwa cewa kowa ya ji umarni aka ba shi.

Waziri ya ce, "Kowa ya ji, Madaki. Amma mutum ba ya iya yin magana irin wannan sai abin yana cikin ransa. Ko ba haka ka ce ba?"

Waziri ya juya ga sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa in yi tambaya. Ka yi wa Malam alkawari ba abin da zai taɓa shi, ga shi a tsare. Shin kai mai saɓa alkawari ne?"

Fuskar sarki ta sauya. Ya ce, "Ka san halin da nake ciki. Manzo a ƙofa, mayaƙa na gunaguni."

Waziri ya ce, "Na sani, Allah ya ba ka nasara. In namu ne mu ce halin da muke ciki, in na wani ne mu ce halinsa ne. Shi ma Malam yana cikin wani hali, kuma mu muka sa shi a ciki."

Sarki ya zauna a hankali. Ya sa aka kawo Malam Hashimu, ya nemi gafararsa a gaban fada, ya tambaye shi abin da shi kansa yake gani game da fadamar.

Malam ya ce, "Yau ne aka fara tambayata. Ni ban yarda a saki taki ɗaya ba, jinin ɗan'uwana yana wurin. Amma dabba ba ta da laifi. A bar shanunsu su sha har ruwa ya sauka, a ƙarƙashin idon mutanenmu, ƙasa kuwa tana nan tamu."

Da wannan amsa manzon ya koma, kuma sarkin ƙetare, wanda ƙishirwar shanunsa ta fi damunsa da yaƙi, ya karɓa. Sankira ya zagaya gari da shelar cewa Malam Hashimu da Madaki ba su da laifi, aikin sarki suka yi.

Shela ba ta wanke zukata gaba ɗaya ba, don akwai waɗanda suka ci gaba da kallonsu a kaikaice. Madaki ne ya san abin yi. Kullum da hantsi sai ya zo ƙofar gidan Malam, ya sa a shimfiɗa buzu a waje inda masu wucewa za su gani, su zauna su yi ta hira. Wata rana Malam ya ce masa ai ya isa haka, ya huta.

Madaki ya ce, "Allah gafarta Malam, ba don kai kaɗai nake zuwa ba. Duk garin nan kai ne kawai ka yarda da ni tun ranar farko."

Haka masu ba da labari suka kawo mana, haka muka isar.