Ranar da Bango Ya Ɗaga Hannu

Akwai wani ɗan ƙwallo mai tsaron baya da ake kira Bango. Ranar da zai tashi zuwa ƙasar waje, bayan wani kulob ya saye shi, ya tsaya a filin jirgi da baƙin tabarau, 'yan jarida sun kewaye shi. Aka tambaye shi yadda ƙungiyar ƙasa za ta kasance tunda zai yi nisa.

Ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Shekara biyar ina tsaron bayan nan, golanmu har tumbi ya ajiye saboda rashin aiki. Duk ranar da aka buƙace ni zan hau jirgi in zo in rufe ƙofar, in koma."

Aka yi dariya, aka buga a jaridu. Ba wanda ya ambaci Kawu.

Kawu shi ne abokin tsayuwarsa a tsakiyar baya, a kulob ɗinsu na gida da kuma a ƙungiyar ƙasa. Shi ne kyaftin. Ya haura shekara talatin da biyar, sanƙo ya fara cin goshinsa, gwiwarsa ta hagu kullum a naɗe take da bandeji. Shi ya sa 'yan wasa suka laƙaba masa wannan suna.

Ga yadda aikinsu yake. Bango ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Da ya hango ƙwallo sai ya bar gurbinsa ya fita a guje, ya zame a kan ciyawa ya kwashe ta, ya tashi yana bugun ƙirji. Kyamara tana son irin wannan. Shi kuwa Kawu, tun kafin Bango ya ɗaga ƙafa ya san zai fita, sai ya matsa taku huɗu ya toshe ramin da aka bari.

In Bango ya samu ƙwallo, tafin nasa ne. In ya kuskure, Kawu na nan, ya tare ta a hankali ya miƙa wa na gefe, ba ma wanda zai san an yi kuskure.

Dillalin da ya sayar da Bango ya haɗa bidiyo na minti shida, zamiya zalla. Sau ɗaya Kawu ya fito a ciki, shi ma ƙeyarsa ce.

Da Bango ya isa can, sai ya tarar ba su da Kawu.

Kocinsu yana son 'yan baya huɗu su riƙa tafiya kamar mutum ɗaya. Har igiya yake ɗaura musu a ƙugu lokacin atisaye, don in ɗaya ya matsa sauran su matsa. Ranar farko Bango ya hango ƙwallo ya manta da igiya, ya fizga, ƙarti uku suka zube a ƙasa. Aka yi dariya. A karo na uku ba wanda ya yi dariya.

Wasan farko aka zura musu biyu, duk ta gurbinsa. Wasa na biyu aka cire shi tun kafin hutun rabin lokaci. Daga nan sai benci. Daga benci kuma sai kujerun 'yan kallo, cikin ƙatuwar rigar sanyi, yana cin gyaɗa.

Haka aka yi wata takwas.

Gasar ƙasar ba a nuna ta a tashoshin gida, wannan ya rufa masa asiri. In wani ya ce bai ga sunansa cikin waɗanda suka buga ba, sai Bango ya rubuta cewa ɗan targaɗe ne ya same shi, magoya baya kuma su rufe mai tambayar da zagi.

Duk ranar da kulob ɗin ya yi nasara, sai Bango ya dawo masaukinsa, wani falo mai taga ɗaya da ke kallon wurin ajiye motoci. Ya sa rigar wasa, ya ɗauko gorar ruwa ya jiƙa ƙirjinta, ya miƙa wa matarsa waya.

Ta ce, "Ƙara zubawa a baya. Gumi ba ya tsayawa a gaba kaɗai."

"Ke dai ɗauka."

"Na ɗauka, Abban yara. Wata takwas ina ɗauka. Hannuna ya fi ƙafarka aiki a garin nan."

Ya karɓi wayar ya rubuta a ƙasan hoton: an sha wuya amma an ci nasara. Ita kuma ta zauna a hannun kujera tana kallonsa.

"Ka kira Kawu mana. Ka ce masa abin ya ƙi, ya gaya maka yadda ake tsayuwar nan."

"In kira wa? Mutumin da ko sau ɗaya ba a taɓa zuwa tayinsa ba?"

"To ni dai na gaji da wankin rigar da ruwan gora ya jiƙa."

A gida kuwa, ƙungiyar ƙasa ta buga wasa biyu ba shi, don da aka kira shi cewa ya yi targaɗen bai warke ba. Aka haɗa Kawu da wani da ake kira Shiru, mutumin da za ka yi mako da shi ba ka ji muryarsa ba. Wasa ɗaya canjaras, ɗaya suka ci ɗaya da nema. Ba zamiya, ba bugun ƙirji, ba a kuma zura musu ko guda ba. Mutane suka ce wasan ba armashi.

Saura wasa ɗaya, a gida. Canjaras kawai suke buƙata su samu gurbi a babbar gasa. Sai gidajen rediyo suka ɗauka: a dawo da Bango. Manyan hukuma suka shiga kiran Kocin ƙungiyar ƙasa a waya safe da yamma.

Koci mutum ne da aikin ya gama tsotsewa. Shekararsa huɗu a kujerar, ƙwayar hawan jini tana aljihunsa na gaba tare da usur. Ya kira Bango. Wannan karon Bango ya kasa cewa targaɗe, don hotunan jiƙaƙƙiyar riga sun yi yawa.

Ya iso sansani da jaka uku. Washegari ya kwanta a gadon mai tausa, wani dattijo da ya san ƙafar kowane ɗan wasa kamar tasa. Ya mammatsa ƙwaurin Bango, ya sake matsawa.

"Ƙafafun nan sun huta."

"Can ba a gajiyar da mutum, Baba. Akwai injina."

Mai tausa ya ce, "To," ya ci gaba da aikinsa.

Da yamma Koci ya kira shi ofis, wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya da allo da ba a goge ba tun wasan baya. Ya rufe ƙofa.

"Tsakanina da kai, ba ɗan jarida a nan. Minti nawa za ka iya?"

Da Bango ya ce ashirin, da maganar ta ƙare a ɗakin nan, an sa shi a ƙarshen wasa ya ɗaga wa jama'a hannu kowa ya koma gida lafiya.

Ya ce, "Casa'in, Koci. Har da ƙarin lokaci."

Bai tsaya nan ba. Ya tashi ya ɗauki alli ya ja layi a allon. Ya ce a can ba wanda yake tare gida a bakin raga, wannan tsohon yayi ne. 'Yan baya za su matsa gaba, in ya ɗaga hannu ya ce a fita, duka huɗun su yi gaba lokaci ɗaya, sai ɗan gaban abokan hamayya ya faɗa satar gida. Abin da ya shafe wata takwas yana kallo daga sama ke nan, don haka ya iya bayaninsa.

"Amma gaskiya Kawu ba zai iya ba. Gwiwar nan ba ta zamani ba ce."

Wayar Koci ta yi ƙara a kan tebur. Ya duba sunan mai kiran, ya kife ta. Ya daɗe yana murza idonsa.

Ya ce, "Shi ke nan. Kai da Shiru."

A ɗakin cin abinci Kawu ya kawo wa Bango kambun kyaftin da kansa, a ninke, ya ajiye kusa da farantinsa.

"Ƙane, abu ɗaya. In ka ji numfashi ya fara yanke maka, kada ka ɗaga hannun nan. Ku ja baya kawai, ba kunya ba ce."

Bango ya ce, "Kawu, ka ji da gwiwarka. Zan sa a kawo maka matashi a benci."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Kawu ya koma kujerarsa ya gama cin abincinsa.

Ranar wasa, ƙarfe huɗu na yamma, rana tana dukan filin, babu kujerar da ba kowa. A rabin farko dabarar ta yi aiki sau biyu. Bango ya ɗaga hannu, aka fita, mai tuta ya ɗaga tuta. Fili ya ɗauki sunansa. Ya juya yana yi wa jama'a alama su ƙara.

A hutun rabin lokaci ya zauna da tawul a ka, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa. Gola ya leƙa fuskarsa.

"Kyaftin, wannan numfashin naka ko tsohon injin niƙa."

"Zafin ƙasarku ne. Na saba da sanyi."

"Ƙasarmu kuma yau?"

Koci ya durƙusa a gabansa ya yi magana ƙasa-ƙasa. "In canza ka? Ba wanda zai ce komai, ka yi naka."

"Ka bar ni, Koci. Yanzu ma na fara."

A minti na sittin hannunsa ya koma ƙugu. A na saba'in ya kwance igiyar takalminsa ya sake ɗaurewa, sau biyu, don ya samu ya durƙusa. Koci ya waiga ya ce wa Kawu ya fara motsa jiki. Bango ya hango, ya yi masa alama da hannu cewa a'a.

A minti na saba'in da takwas aka bugo musu ƙwallo daga kusurwa, Shiru ya fitar da ita da ka. Kowa ya ruga gaba. Ƙwallon ta faɗa ƙafar ɗan tsakiyar abokan hamayya, ya ɗago kai yana neman wanda zai ba.

Bango yana sunkuye, kansa a ƙasa, yana neman iska. Ya ji motsi, ya ɗaga hannu ya ce a fita. Shiru ya fita. Na dama ya fita, na hagu ya fita. Shi ma ya yi niyya, ƙafafun ne suka ce ba da su ba.

Ɗan gaban da ke tsaye kusa da shi ya karɓi ƙwallon, ya waiga ya ga tuta a ƙasa, ya tafi abinsa. Gola ya fito, aka kewaye shi. Raga ta motsa.

A nan ne Bango ya yi gudun da ya fi kowane gudu a rabin wasan. Ya nufi mai tuta, hannunsa har lokacin a sama, yana rantsuwa satar gida ce. Ya juyo kan Shiru yana nuna shi da yatsa, wai shi ne bai fita ba. Shiru ya kalle shi kawai.

Jama'a suka yarda da kyaftin ɗinsu. Ai shi ne ya zo daga waje, shi ya san ƙa'ida. Aka fara yi wa mai tuta ihu, gorunan ruwa suka fara sauka a gefen fili.

Sai babban allon filin ya kawo maimaici.

Ga 'yan baya uku a jere, kamar an ja su da rula. Ga Bango can baya shi kaɗai, taku shida tsakaninsa da su, hannu ɗaya a gwiwa, ɗaya a sama, baki a buɗe. Ɗan gaban ma bai wuce shi ba, babu wata satar gida.

Aka sake nunawa a hankali. Aka tsayar da hoton.

Ihun ya riƙa mutuwa sashe-sashe, har ana jin muryar mai sayar da ruwa. Wani can sama ya yi dariya, irin ta wanda ya gaji. Ta yaɗu kaɗan ta mutu. Mai tuta ya gyara rigarsa.

Ƙwallon nan ita kaɗai aka ci a wasan, babbar gasa kuma a talabijin suka kalle ta. Amma kafin a tashi, sai da aka ɗaga allon canji da lambar Bango.

Kawu ya shigo yana ɗan jan ƙafa. Bango ya ciro kambun ya miƙa masa bai ɗago ido ba.

Kawu ya ce, "Je ka sha ruwa, ƙane."

Daga tsakiyar fili zuwa benci ba nisa, amma ranar ya yi wa Bango tsawo. Da ya yi rabi sai dabara ta zo masa, ya fara ɗingishi. Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya yi zagi, ido kawai.

A bakin layi mai tausa yana jiransa da jakar ƙanƙara. Ya duba shi sama da ƙasa, ya tambaye shi da muryar da duk benci ya ji.

"Wace ƙafar zan duba, ɗana?"

Bango ya sunkuya ya kalli ta dama, ya kalli ta hagu. Kyamara tana kansa, babban allo yana nuna shi, shi kuma yana tsaye bai zaɓa ba.

Darasi: Kafin ka bugi ƙirji, ka waiga ka ga wanda yake toshe ramin da kake bari a baya, ka gode masa tun yana kusa. In kuma abu ya fi ƙarfinka, ka faɗa tun ana tambayarka a ɗaki a rufe, kada ka bari a nuna wa duniya a allo, ka kuma ja waɗanda suka dogara da kai ku faɗi tare. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san yana da nasa Kawun bai taɓa ce masa sannu ba.