Burodin da Babu Kindirmo

Saliha ba ta manta ranar da ta fara haɗuwa da Halilu tela ba. A unguwar Briqueterie ne, ruwan sama ya tsare su a rumfar shagonsa, ya tura mata kujera da ƙafa yana ci gaba da ɗinki. Yarinya ce mai hankali, tana gasa burodin yis tana sayarwa, amma tana da aibi guda: ba ta iya cewa "ban sani ba".

Da maganar aurensu ta yi nisa, sai Halilu ya ce yana kewar burodin marigayiya mahaifiyarsa, wanda ake yi da bikabonat, wata farar hoda mai sa kwaɓi ya tashi, ba da yis ba.

"Wannan ai na iya shi tun ina ƙarama," in ji Saliha. Ko ganinsa ba ta taɓa yi ba.

Halilu ya yi murna har ya gaya wa Goggo Hamsatu, wadda ta rene shi, kuma sai da yardarta zai yi aure. Ranar da Goggo za ta zo daga unguwar Ekoudou ganin Saliha, sai Saliha ta kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri da sukari kamar kullum. A madadin yis ta zuba bikabonat cokali uku, ta rufe kwaɓin awa biyu tana jira ya tashi. Bai tashi ba. Haka ta gasa shi.

Da Goggo ta iso tare da Halilu, aka kawo mata burodin, ta gutsura da ƙyar, ta tauna, ta nemi ruwa.

"'Yata, burodi kika ba ni ko sabulu? Ina kindirmon?"

"Kindirmo, Goggo?"

"Yis rai gare shi, sukari yake ci, lokaci yake so. Bikabonat kuwa ba ya motsi sai ya haɗu da tsami, kuma ba ya jira. Ana kwaɓawa, sai wuta."

Halilu bai ɗago kai ba. "Da kin ce ba ki iya ba, da tare za mu tambaya."

Goggo ta ɗauki jakarta. Saliha ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Ƙarya na yi, Goggo. Na yi alkawari, daga yau abin da ban sani ba zan faɗa, ko a gaban wa."

Goggo ta dube ta, sannan ta ajiye jakar. "Aika a sayo kindirmo."

Darasin da ke nan shi ne, rashin sani ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne abin kunya. Wanda ya yi tambaya ya ji nauyi na ɗan lokaci, amma mai cewa ya iya alhali bai iya ba, yana iya rasa yardar waɗanda yake ƙauna.