Muryar Tabawa a Bakin Ƙofa

Ku gyara zama ku ajiye wayoyin nan, yau ku ne alƙalai.

A wani ƙauye kusa da iyaka akwai wata mata, Tabawa mai ɗinkin faifai, da ɗanta ɗaya tilo, Sabi'u tela. Wani mai zaƙin baki ya yi masa alkawarin aiki a kamfanin ɗinki a ƙetaren hamada, ya karɓe takardunsa, ya tafi da shi. Wata bakwai ba labari. Tabawa takan zauna a inuwar darbejiya da azahar, gyangyaɗi ya ɗauke ta, ta ji kamar ƙarar kekensa na tasowa daga cikin yashi, can nesa. In ta farka sai ta tarar kurciya ce. Kewa ta cinye ta har zanenta ya daina zama a ƙugu.

Ana haka lokacin wayar da kai kan safarar mutane ya zo, aka kuma ce akwai lambar yabo ga kafar labaran da ta fi ƙoƙari. Nan take tausayi ya sauko wa kowa.

Gidan rediyon Muryar Fadama ne ya fara zuwa. Suka ɗauki muryarta tana kiran sunan da take masa tun yana goye, Ɗan Lele, suka sa ta maimaita har sai da kukan ya fito yadda suke so. Sau ashirin a yini suke sakawa, a kira sunan gidan sau bakwai, na yaron sau ɗaya. Amma muryar ta bi iska ta ƙetare iyaka, ta sauka a kunnen wata mai tuwo da ke kai abinci wani gida mai dogon katanga. Ta taɓa jin wani saurayi a ciki yana faɗa wa samarin da aka tsare tare da shi sunan nan, sai ta buga wa gidan rediyon waya. Ba don rediyo ba, da babu wanda ya san inda yake.

Jami'ai suka yi ta jan ƙafa, har gidan talabijin na Tauraruwa ya ce zai raka su da kyamara. Jin haka kowa ya goge takalminsa. Sai dai talabijin suka roƙa a jira kwana ɗaya, wai rigunan ma'aikatansu masu tambarin gidan ba su iso ba. A wannan kwanan masu safarar suka kwashe samari biyu daga gidan, aka wuce da su cikin hamada. Washegari aka ɓalle ƙofa, aka mayar da ita aka sake ɓallewa don hoton farko bai fita ba, aka fito da Sabi'u da rai. Ba don kyamarar ba, da jami'an suna nan suna shawara.

Ya fito ba shi da takarda ko ɗaya, masu tsaron iyaka suka hana shi wucewa. Jaridar Hantsi ta aika lauyanta ya yi ta sintiri har aka sa hannu, ta kawo shi gida a motarta. Ba don ita ba, da yana can a tsare. Sannan ta manna fuskarsa a allon talla a bakin tasha, an rubuta "Mu muka ceto shi" da manyan baƙaƙe. Yanzu in ya fita ana nuna shi da baki, ana cewa ga wanda aka sayar. Ya daina fita.

Ranar da za a ba da lambar, su ukun suka tsaya a ƙofar Tabawa da hantsi, kowa da abin ɗaukar magana. Kalma ɗaya suke nema, ta ce, "Ku kuka dawo mini da ɗana," kuma wanda ta faɗa wa shi zai ci. Ta dube su kamar mai kallon mutane ta cikin ruwa. Tana gode musu har zuciyarta, tana kuma jin haushinsu, ta rasa yadda za ta raba biyun.

Daga cikin ɗaki Sabi'u ya ce a hankali, "Inna, ki tambaye su ko akwai wanda ya san sunan biyun da aka wuce da su."

Ta tambaya. Kowa ya dubi na kusa da shi.

To, jama'a, duk sun yi abin da ba don shi ba da yaron bai dawo ba, kuma duk don kansu suka yi. Wa Tabawa za ta faɗa wa kalmar nan?