Mutum Bakwai na Harobanda

Akwai wani maƙeri a Harobanda, ƙetaren kogin Yamai, mai suna Dauda. Iyayensa mutanen Tawa ne, amma shi a bakin kogi ya buɗe ido. A waɗancan shekarun farko na samun 'yancin kai ba a yi gada ba tukuna. Duk mai son shiga gari sai ya hau bak, babban jirgin nan da ke ƙetarar da mutane da motoci, ko kuwa ya shiga kwale-kwale.

Dauda shi ne kapiten na ƙungiyar ƙwallon unguwarsu. Ba mai musun iya wasansa, a baya yake tsayawa kamar bango. Abin da kowa ke tsoro zuciyarsa ce. Magana ɗaya in ta ɓata masa rai, hannunsa ya riga bakinsa amsawa. Shekarar da ta gabata ya mari arbit, wato alƙalin wasa, a gaban jama'a, aka dakatar da shi wata da watanni. Da za a maido shi aka ja masa kunne cewa ranar da ya sake ɗaga wa wani hannu a fili, shi da ƙwallo har abada.

A shekarar da aka maido shi ne Harobanda ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta kai wasan ƙarshe na kofin bikin Jamhuriya. Waɗanda za su kara da su kuwa ƙungiyar Shaho ce, ta wani babban kamfanin sufuri. Suna da takalma, suna da mai horarwa, kofin ma kamar a gidansu yake kwana. Kapiten ɗinsu Mutari dogo ne, gwanin cin raga, kuma ya san shi gwani ne.

Ranar wasa, mutum bakwai cikin 'yan Harobanda suka ƙetaro tun da safe saboda suna da harkoki a babbar kasuwa. Sauran huɗun manoman lambu ne, suka ce sai sun yi ban ruwa za su biyo bak na azahar. A hannunsu rigunan wasa suke. A cikinsu kuma akwai Ɗan'azumi, wanda duk unguwar ba wanda ya kai shi gudu.

Fili ya cika maƙil. Manyan baƙi sun zauna a rumfa. 'Yan Shaho sun fito cikin jajayen riguna suna ɗumama jiki, Dauda kuwa yana tsaye bakin ƙofa yana leƙen hanya.

Can sai ga Salisu, wani mai goyon bayansu, a kan belo, wato keke, yana haki. Ya ce injin bak ya mutu a tsakiyar kogi, ruwa ya ja shi ya kafe a kan yashi can ƙasa da gari. Kogi ya cika, kwale-kwale na ta kwashe mutane, amma mata da tsofaffi ake fara ɗauka. Ba wanda ya san lokacin da za a zo kan maza.

Arbit ya kira kapiten biyu tsakiyar fili. Ya yi musu bayani a fili: in Mutari ya yarda, za a jinkirta wasa. In bai yarda ba, za a fara yanzu da mutum bakwai, domin shi ne mafi ƙarancin da doka ta yarda. In kuwa suka ragu suka koma shida, ko da kora ko da rauni, zai busa usur ya miƙa wa Shaho kofi.

Dauda bai saba roƙo ba, amma ya roƙa. Ya ce wa Mutari ya dubi Allah ya yi musu haƙuri kaɗan, abin da ya faru ba yin kowa ba ne.

Mutari ya yi murmushi ya gyara wuyan rigarsa. "Kogin naku ne, ba nawa ba. Mu mun zo kan lokaci."

Da arbit ya juya, sai ya matso kusa da kunnen Dauda ya rage murya. "Na san ka, maƙeri. Kafin a je hutu za ku koma shida, kuma kai ne za ka fita."

A nan Dauda ya gane abin da ke gabansa.

Suka shiga fili da singileti, wasu farare, wasu sun riga sun koɗe. 'Yan kallo suka yi ta dariya. Dauda ya ja kowa baya, ya ce kada wanda ya yi tunanin cin raga, su dai tare gida har 'yan'uwansu su iso. Mai tsaron ragarsu Halidu, Bazabarme mai sanyin hali, ya tofa yawu a tafin hannu ya gyara tsayuwa.

Mutum bakwai ba sa rufe fili. Ba a jima ba Mutari ya zura ta farko. Ya bi ta gaban Dauda yana tafa masa kafaɗa kamar mai rarrashin yaro.

Daga nan aka shiga abin da ya fi ƙwallo. Duk sanda arbit ya dubi wani wuri, sai Mutari ya taka ƙafar Dauda da ƙusoshin takalminsa, shi kuwa Dauda takalmin roba ne a ƙafarsa. In sun yi tsalle tare, sai gwiwar hannu a haƙarƙari. In sun sauko, sai magana ƙasa-ƙasa wadda ba mai ji sai su biyu. Ya zagi sana'arsa, ya zagi unguwarsa. Dauda ya yi kamar bai ji ba, amma jijiyar wuyansa ta miƙe.

Aka ci ta biyu.

Sai aka bugo wata ƙwallo sama. Suka tashi tare, Mutari ya kai masa gwiwar hannu a baki. Dauda ya sauko leɓe a fashe, jini na zuba a kan singileti. Arbit bai gani ba. Mutari ya sunkuyo kamar zai ɗaga shi, sai ya ambaci mahaifiyarsa da kalmar da ba a maimaitawa.

Duniya ta yi wa Dauda ja. Bai san sanda ya miƙe ba, bai san sanda hannunsa ya dunƙule ba. Fuskar Mutari na gabansa a buɗe, har ya ɗan miƙo haɓa yana jira.

"Dauda!" Muryar Halidu ce daga raga. "Kala suru! Haƙuri, ɗan'uwa. Mu bakwai ne."

Hannun ya tsaya a sama. Dauda ya dubi ƙofar fili, ba kowa. Ya dubi mutanensa shida, kowa ya daskare yana kallonsa. A hankali ya mai da hannuwansa biyu baya, ya damƙe ɗaya da ɗaya har farcensa ya shiga nama. Ya tofar da jini ya koma wurinsa.

Kafin hutu aka ƙara musu ta uku. Abin bai tsaya nan ba, Moussa, ɗaya daga cikinsu, ya gurɗe a idon sawu ya faɗi yana juyi. Arbit ya zo ya tsaya a kansa yana tambaya ko zai iya ci gaba. Dauda ya durƙusa ya ce masa ba gudu ake so ya yi ba, ya dai tsaya da ƙafafunsa a cikin fili. Moussa ya cije baki ya miƙe, ya ɗingisa zuwa gefen layi ya tsaya.

Lokacin hutu suka zube a inuwar katanga. Yahaya, wanda ke tsaron baya tare da Dauda, shi ya fara fashewa. Ya ce wannan wulaƙanci ya isa, ko dai su tattara su tafi, ko kuwa a bar shi ya karya ƙafar Mutari kowa ya huta.

Dauda ya daɗe yana goge baki kafin ya amsa. "Ni ma abin da raina ke so ke nan, Yahaya. Amma mutum huɗu na can cikin ruwa suna neman hanyar zuwa. In suka iso, ina so su tarar da wasa."

Shi kansa bai san ko za su iso ba.

Aka dawo, har yanzu su bakwai. 'Yan Shaho suka ga an gama, sai suka koma wasa da hankali. Wannan ya ɗaga ƙwallo da dunduniya, wancan ya zauna a kanta yana ɗaga wa rumfa hannu. Mutari ya yanke Halidu, raga ta zama babu kowa, amma maimakon ya buga sai ya tsaya a kan layi yana yafito Dauda da yatsa. Dauda ya zo da gudu ya zame a ƙasa ya fitar da ƙwallon, bai ko taɓa ƙafarsa ba.

A nan 'yan kallo suka fara juyawa. Waɗanda suka yi dariyar singileti su ne yanzu ke tafa wa masu singileti.

Sai hayaniya ta tashi daga bakin ƙofa. Mutum huɗu ne suka kutso, jiƙe sharkaf, ba takalmi, taɓo har gwiwa. Sun gaji da jiran layi, da aka kwashe mata da tsofaffi sai suka faɗa ruwa suka yi iyo zuwa gaɓa, daga can suka taho da gudu. Ƙullin riguna kuwa kogi ya tafi da shi. Arbit ya dube su, ya ƙirga da yatsa, ya yi musu alama su shigo.

Ɗan'azumi ya dubi bakin Dauda, ya dubi Mutari, sannan ya kama wurinsa.

Ƙwallon farko da ta same shi, ya bar 'yan bayan Shaho a tsaye ya zura. Suka ɗauka sa'a ce. Ba a daɗe ba aka bugo kwana, Dauda ya tashi ya sa kai, ta biyu ta shiga. Yanzu 'yan Shaho suka so su dawo da wasa na gaske, amma jikin da ya saki ba ya ɗauruwa nan take. Suka fara yi wa juna tsawa, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Rana ta yi ƙasa, lokaci na ƙurewa. Ɗan'azumi ya ja mutum uku zuwa dama, ya wurga ƙwallo hagu inda ba kowa sai Moussa, wanda tun da ya gurɗe ba wanda ya ƙara kula shi. Moussa ya ɗingiso taku biyu ya tura ta da ƙafarsa mai lafiya. Ta bugi ƙarfe ta shige. Uku da uku.

Fili ya ɗauki sowa. Mutari ya tsaya riƙe da ƙugu, fuskarsa ta canza. Da Harobanda ta sake samun kwana, ya dawo baya da kansa ya tsaya jikin Dauda. Wannan karon ba zagi, sai huci. Ƙwallo na tasowa Dauda ya riga shi tashi. Mutari bai ko nemi ƙwallon ba, ya dunƙule hannu ya kai masa naushi a ido, a gaban arbit, a gaban rumfa, a gaban kowa.

Dauda ya faɗi. Da ya miƙe, filin nan ya yi tsit kamar ba mutane. Duk wanda ya san shi ya san abin da ke biyo baya. Yahaya ya taho zai riƙe shi, Dauda ya girgiza masa kai. Ya tsaya gaban Mutari, ido ɗaya na kumbura, hannuwansa a baya, ya dube shi kawai.

Mutari ne ya fara sunkuyar da kai.

Arbit ya nuna masa hanyar waje, sannan ya nuna wurin bugun penalti. Dauda ne ke bugawa kullum, amma yanzu raga biyu yake gani. Ya ɗauki ƙwallon ya miƙa wa Ɗan'azumi. Shi kuwa ya ajiye ta, ya goge taɓon ƙafarsa a ciyawa, ya ja baya kaɗan. Mai tsaron raga ya faɗi dama, ƙwallo ta tafi hagu ta shige raga.

Sauran lokacin a gaban ragar Halidu aka yi shi. Shaho ta taso gaba ɗaya, Halidu ya ture ɗaya da yatsu, Yahaya ya fitar da wata daga kan layi. Da usur na ƙarshe ya tashi, Dauda bai yi tsalle ba. Zama ya yi a ƙasa, sai a lokacin ya ga tafin hannunsa duk shaidar farce.

Mutari kuwa, hukuncin da aka tanadar wa Dauda shi ya hau kansa. Bai sake sa jar riga ba.

Gab da magariba suka ƙetara gida a kwale-kwale, kofi a kan cinyar Moussa. Mutanen Harobanda sun cika gaɓa, ba su san yadda aka ƙare ba sai da suka hango ƙyallin kofin. A gaban taron akwai Inna Kande, mahaifiyar Dauda, wadda ta sha zuwa gidajen mutane ba da haƙuri saboda faɗansa. Ita ba kofin ta duba ba, fuskar ɗanta ta duba. Ta ja Halidu gefe ta tambaye shi ko wanda ya yi wannan aika-aika yana da rai.

"Lafiyarsa lau, Inna," in ji Halidu. "Ko yatsa bai ɗaga masa ba."

Ta juya ta dubi Dauda, shi kuwa ya gyaɗa kai don bakin ba ya buɗuwa. Tsohuwar ta kama hannuwan nan biyu na maƙeri ta riƙe, ta daɗe ba ta sake su ba.

Darasi: Wanda ya san inda zuciyarka take, da ita zai nemi kayar da kai. Kafin ka rama, ka tuna da mutanen da tsayuwarsu ta dogara da taka. Kuma in Allah ya ɗora ka a sama, kada ka wulaƙanta wanda ke ƙasa, domin wasa bai ƙare ba sai an busa usur. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san yana fama da saurin fushi.