Mai Feshin Kumfa da Ya Cire Takunkuminsa

A wani gari an yi wani kafinta mai suna Habila, wanda sana'arsa rufin kwano ce. Da ya ga yadda kwano ke gasa mutane da dabbobi a lokacin bazara, sai ya tafi birni ya koyi wani sabon aiki. Ruwan magani iri biyu ne a cikin ganguna biyu, su bi ta tiyo su gamu a bakin bindigar feshi. In aka fesa a ƙarƙashin kwano, sai abin ya kumbura kamar kumfar sabulu, ya bushe, ya yi tauri, ya tare zafin rana.

Ranar da zai koma gida, dattijon da ya koya masa aikin ya miƙa masa tabarau mai mannewa a fuska, da takunkumi mai matatar iska biyu, da safar hannu, da riga mai rufe jiki duka. Ya ce masa, "Ɗana, kumfar da kake gani ba ita ce abar tsoro ba. Abin da ke tashi daga cikinta kafin ta bushe, wanda ido ba ya gani, shi ne yake cin huhu, yake ƙona ido. Ka sa waɗannan tun kana waje, kada ka cire sai ka fito. Ka riƙa canja matatar a kan lokaci. Kuma kada ka bar kowa ya shiga ɗakin sai ya kwana ya wuni a buɗe."

Habila ya riƙe wannan magana. Shekara bakwai yana aiki da kayan nan a jikinsa. Ya yi ɗakunan kaji, ya yi ɗakunan ajiye kifi, ya yi gidajen mutane, ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Aikinsa ya yi suna, har daga wasu garuruwa ake zuwa nemansa.

Amma kayan suna da zafi. Takunkumin yana matse hanci, tabarau yana yin raɓa da gumi har mutum ya kasa ganin gabansa sosai. A shekara ta takwas sai Habila ya fara tunani a zuciyarsa, yana cewa, "Shekara bakwai ina wannan aiki, ba abin da ya same ni. Wataƙila dattijon nan ya faɗa ne don ya tsorata ni. Ko kuwa jikina ya riga ya saba."

Wata rana ya ɗaga tabarau ya bar shi a goshi na ɗan lokaci. Ba abin da ya faru. Wata rana kuma ya sassauta takunkumin don ya sha iska, bai fita waje ba. Nan ma ba abin da ya faru, sai ɗan tari da ya biyo baya. Matarsa Rifkatu ta ji tarin, ta ce, "Baban Tabita, tarin nan naka ba ya kama ka sai ranar da ka je feshi. Kana sa abin hancin nan kuwa?"

Ya ce, "Mura ce, za ta wuce."

Ana nan sai wata gwauruwa mai kiwon kaji, Mama Kezaya, ta kira shi. Zafi ya kashe mata kaji da yawa a bazarar da ta wuce, ba ta so a maimaita. Habila ya zo da kayansa, ya sa aka kwashe kajin zuwa wata rumfa a bayan gida, ya ce mata, "Mama, ki zauna can ƙarƙashin mangwaro. Kome kika ji, kada ki shigo."

Ya fara aiki da safe, kayansa duka a jikinsa. Da rana ta take, kwano ya ɗauki zafi, gumi ya cika masa takalma. Ya duba sama, ya ga saura kusurwa ɗaya, faɗinta bai fi tabarma ba. Ya ce a ransa, "Wannan kam kafin in ƙirga ɗari na gama." Sai ya cire takunkumin ya rataye a jikin tsani, ya tura tabarau goshi, ya hau, ya ɗaga kai, ya danna bindiga.

Feshin ya bugi kwano ya dawo masa a fuska kamar yayyafi. Idanunsa suka kama wuta. Ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya shaƙi abin har cikin ƙirji. Ya ji kamar an ɗaure masa ƙirjin da igiya ana ja. Ya sauko a makance, ƙafarsa ta harɗe da tiyo, ya faɗi, tsanin ya bi shi. Ya nemi ƙofa da hannu, bai san inda take ba.

Mama Kezaya ta ji ƙarar tsanin, ta ji bindiga ta yi shiru. Ta zo bakin ƙofa ta hango shi a ƙasa yana laluben bango, ya juya wa ƙofar baya. Ta tuna abin da ya faɗa mata, ta kuma san in ta shiga ta faɗi, ba mai fitar da su. Sai ta wangale ƙofar gaba ɗaya, ta tsaya daga waje, ta ce, "Habila, ɗana, ba can ba ne. Juyo. Bi muryata."

Ya juyo. Ta ci gaba da kiran sunansa, shi kuwa yana rarrafe, yana bin muryar, har hannunsa ya taɓa dokin ƙofa. Ta kama shi ta ja shi zuwa inuwa inda iska ke kaɗawa. Ta aika a kira maƙwabcinta mai mota, ita kuma ta ɗebo ruwa mai tsabta a buta, ta kwantar da kansa, ta riƙa zuba masa a ido. Ya ce, "Mama, ya isa." Ta ce, "Bai isa ba. Buɗe." Buta ta ƙare ta cika wata, ba ta daina ba har motar ta iso.

Kwana huɗu ya yi a asibiti. Rifkatu tana zaune kusa da shi, ba ta ce masa ai na faɗa ba, abinci kawai take ba shi. Ranar da za a sallame shi likita ya ce, "Idanunka za su warke, ka gode wa wadda ta wanke maka su. Amma ƙirjinka ya riga ya san maganin nan. Ba ranar nan kaɗai ta jawo ba, ya daɗe yana shiga kaɗan-kaɗan. Daga yau ko ɗan warinsa ka shaƙa, fuka za ta iya tashi. Wannan aikin kam ka bar shi."

Habila ya ce, "Ko da takunkumi?"

Likita ya ce, "Da ba ka riƙa cire shi ba, da takunkumi ya tsare ka tun farko. Yanzu ba zan ba ka shawarar ka koma ba."

Bayan mako biyu wani abokin sana'arsa ya zo ya ƙarasa kusurwar. Ya sa kayansa tun yana waje, ya shiga, bai fi minti goma sha biyar ba ya fito lafiya. Habila yana tsaye daga nesa yana kallo. Daga nan ya koma rufin kwano da ya baro, da shi yake ciyar da iyalinsa har yau, in ya hau sama yakan tsaya ya huta kafin ya ɗauki guduma.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Ɗakin nan duniyar da muke aiki a cikinta ce. Dole mu shiga, gama a can abincinmu yake. Amma akwai abubuwa a cikinta da ke shiga mutum ta ido, akwai kuma waɗanda muke shaƙa ba mu sani ba: hirar da muke zama a cikinta, abin da muke kallo a waya, ƙaramar ƙaryar da kowa ke yi a kasuwa har ta zama ba kome ba. A ido suna da taushi kamar kumfa. Dafin ba ya ganuwa.

Tabarau da takunkumi kuwa Maganar Allah ce da addu'a. Ba zan ruɗe ku ba, suna da zafi. Tashi yin addu'a da safe yana da nauyi, kawar da kai daga abin da abokai ke kallo yana matse mutum. Amma tun ana waje ake sa su. Wanda ya bari sai jaraba ta kama shi sannan ya fara neman addu'a, ya makara.

Ku lura da inda Habila ya ruɗi kansa. Lafiyar da ya samu shekara bakwai, kayan nan ne suka ba shi, shi kuwa ya ɗauki lafiyar ya mai da ita hujjar cire su. Haka wani zai ce, na daɗe cikin ikkilisiya, ni dattijo ne, wannan ɗan abu ba zai kā da ni ba. Ya manta ba ƙarfinsa ne ya tsare shi ba, alherin Ubangiji ne. Da ya gwada sau ɗaya bai ga kome ba, sai ya ɗauka ba a yi ɓarna ba, alhali kuwa tana taruwa a ciki.

Idan kuwa akwai wanda ya riga ya faɗi a cikinmu, yana lalube cikin duhu, kada ya fid da zuciya. Mai Ceto yana kiransa da sunansa, sau da yawa ta bakin ɗan'uwa ko 'yar'uwa. Ya juyo, ya bi muryar, ya yarda a wanke shi har sai ya isa. Gafara tabbatacciya ce. Sai dai wani lokaci tabon yakan zauna, aiki ya tafi, ko amana ta ɓaci, shi ya sa nake roƙonku tun ba a kai can ba.

Kowa ya tambayi kansa yau: wace kariya ce na fara sassautawa domin na daɗe ban ga illa ba? Wa ya ji tarina ya yi mini magana na ce mura ce? Ka koma wurinsa cikin makon nan ka ba shi amsa ta gaskiya. Ubangiji ya tsare idanunmu da zukatanmu. Amin.